Gani Ya Kori Ji, Amma Bai Kori Yaƙi Ba

A watan Janairun 1949, a birnin Berlin da har lokacin yawancinsa kufai ne, 'yar wasa Helene Weigel ta yi wani abu a kan dandamali wanda masu nazarin wasan kwaikwayo ba su daina maganarsa ba har yau. Wasan na mijinta ne, Bertolt Brecht, sunansa Mutter Courage. Labarin wata 'yar kasuwa ne mai jan keken kaya, tana bin rundunar sojoji a Yaƙin Shekara Talatin da aka gwabza a Turai daga 1618 zuwa 1648, tana sayar musu da abinci da takalma da barasa. Yaƙin shi ne kasuwarta. Ana nan sai abokan gaba suka kama ɗanta, wanda aka ba amanar akwatin kuɗin rundunarsu. Aka ce in an ba da cin hanci na tsabar kuɗi 200 za a sake shi. Ta jinginar da kekenta ta samo kuɗin, amma da yake ciniki ya zame mata jiki, sai ta taya 120, don in ta ba da duka ba ta da sauran jari. 'Yar aike ta je ta dawo, an ce albarka. Kafin uwar ta sallama ta ce a ba su duka, aikin gama ya gama. Tana zaune aka ji ƙarar bindigogi daga nesa.

Weigel ba ta yi kururuwa ba. Kai ta mayar baya, ta wangale baki iyakar wangalewa, ba sautin da ya fito. Jim kaɗan sojoji suka shigo da gawar a kan makara, suka tambaye ta ko ta san shi. In ta ce ta san shi, ita da 'yarta sun shiga uku. Ta je ta duba fuskar ɗanta, ta girgiza kai. Aka sake tambaya, ta sake girgizawa. Suka ce a jefa shi ramin mushe, ba shi da kowa.

Daga baya Brecht ya rubuta cewa yana jin wannan buɗe baki ya samo asali ne daga wani hoton jarida da aka ɗauka lokacin da ake yi wa Singafo ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu: wata mata durƙushe a kan gawar ɗanta, baki buɗe. Ya ce Weigel ta ga hoton shekaru da suka wuce, amma da aka tambaye ta sai ta ce ba ta tuna shi ba. Wannan guntun bayani ya fi mini dogayen littattafai amfani, domin ya nuna yadda hoton yaƙi ke aiki a jikin mutum. Yakan shiga ya zauna, sunan wurin ya ɓace, ranar ta ɓace, dalilin ya ɓace, buɗaɗɗen bakin kawai ya rage. Abin da dandamali ya ƙara masa shi ne dalili. Mai kallon hoton Singafo tausayi kaɗai zai ji. Mai kallon wasan kuwa ya ji cinikin da kunnensa, ya san 80 ɗin da aka hana, ya san matar nan da yake tausayi daga yaƙin take cin abinci. Tausayinsa ya gauraya da tambaya.

Ra'ayina ke nan a taƙaice. Hoton yaƙi yana da ƙarfin da zai tsayar da mutum cak, amma ba shi da bakin da zai gaya masa wa ya jawo, wa ya ci riba, me ya faru kafin a danna kyamara. Wannan aikin sai an zauna an yi shi, kuma cikin waɗanda suka yi shi da kyau a ƙarnin da ya wuce akwai 'yan wasan kwaikwayo. Mu kuwa yau hotunan gawarwaki sun yi mana yawa a waya, masu zama su yi wancan aikin sun yi mana kaɗan.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai hoto guda ne ya kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam. Ana nufin hoton 8 ga Yunin 1972 a Trang Bang: yarinya 'yar shekara 9, Kim Phuc, tana gudu tsirara a kan titi, hannuwa a buɗe, bam mai narkar da fata ya ƙone mata baya. Da sunan Nick Ut na kamfanin dillancin labarai na AP aka buga shi, ko da yake a 2025 an ta da gardama kan ko shi ne ya ɗauka, AP dai ba ta cire sunansa ba. Hoto ne da ya girgiza duniya, har Shugaba Nixon na Amurka aka ji shi a faifan ofishinsa yana tambaya ko shirya shi aka yi. Amma a duba kwanan wata. Tun Agustan 1968 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna fiye da rabin Amurkawa suna ganin tura sojoji can kuskure ne. Sojojin Amurka da suka haura 540,000 a 1969 an riga an kwashe mafi yawansu, a ƙarshen 1972 ba su kai 25,000 ba. Akwatunan gawa da ke komawa gida, da kuɗin da yaƙin ke ci, da taurin kan mayaƙan Biyetnam, su suka yi aikin. Hoton ya zo ya tarar mutane sun riga sun gaji, ya ba gajiyar fuska.

Mukan ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A kan yaƙi dai tarihi bai gaskata wannan ba. A 1862 Mathew Brady ya baje hotunan gawarwakin fagen Antietam a shagonsa na New York, mutane suka yi ta layi suna kallo, yaƙin basasar Amurka ya ci gaba har 1865. A 1924 wani Bajamushe, Ernst Friedrich, ya tattara hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya da hukuma ba ta son a gani, har da fuskokin sojojin da harsashi ya ɗebe musu haɓa da hanci, ya buga littafi, ya buɗe gidan tarihi na ƙin yaƙi a Berlin. Ya yi imani duk wanda ya ga wannan ba zai ƙara ɗaukar bindiga ba. 'Yan Nazi suka rufe gidan a 1933, bayan shekara 6 aka shiga yaƙin da ya fi na farkon muni. Na kusa-kusan nan kuma, hoton Alan Kurdi, ƙaramin yaron nan ɗan Siriya da ruwa ya turo gawarsa bakin teku a Bodrum ta Turkiyya a 2 ga Satumban 2015. Cikin mako guda Birtaniya ta yi alkawarin karɓar 'yan gudun hijira 20,000. Gudummawa ta yi ta kwarara, bayan 'yan makonni ta ja baya. A Maris na 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya don toshe hanyar, kuma a wannan shekarar fiye da mutum 5,000 suka mutu a Bahar Rum, sama da na shekarar da aka ɗauki hoton.

Kada a ɗauka ina cewa hoton ba shi da amfani. Da ba shi da amfani da hukumomi ba su ji tsoronsa ba, alhali suna ji ƙwarai. Sai a Satumban 1943, kusan shekara biyu da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu, aka yarda mujallar Life ta buga hoton gawarwakin sojojin Amurka uku a gaɓar Buna ta tsibirin New Guinea, shi ma sai da maganar ta kai ga Shugaba Roosevelt. Daga 1991 zuwa 2009 an hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji da ake saukewa a sansanin Dover na Amurka. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Kenneth Jarecke ya ɗauki hoton wani sojan Iraƙi da ya ƙone ƙurmus a cikin motarsa, hannuwansa a bakin gilashin gaba yana ƙoƙarin fita. Manyan kafafen Amurka suka ƙi bugawa, jaridar Observer ta Landan ce ta buga. Gwamnati na son jama'a su ɗauka yaƙin na kwamfuta ne, ba jini ba ƙauri, hoton kuwa ya ƙaryata hakan.

A nan ƙarfin hoto yake: yana hana musu. Kisan ƙauyen My Lai na Biyetnam, inda sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan farar hula a Maris na 1968, an binne maganarsa fiye da shekara guda. Da hotunan Ronald Haeberle suka fito a Nuwamban 1969, bakin masu musu ya mutu, duk da cewa mutum ɗaya kacal aka hukunta, Laftanar William Calley, shi ma ɗaurin talala ya yi a gida na 'yan shekaru. Wani mai ɗaukar hoton 'yan sandan soja a Siriya ya fitar da hotuna fiye da 50,000 a ɓoye, da yawansu na gawarwakin waɗanda suka mutu a tsare, aka gabatar da su a kotun Koblenz ta Jamus, wadda ta yanke wa tsohon jami'in leƙen asiri Anwar Raslan ɗaurin rai da rai a Janairun 2022. Ga kuma na maƙwabtanmu. A 2018 wani bidiyo ya bazu, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, sun rufe musu ido sun harbe su. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ce. Masu binciken BBC da abokan aikinsu suka bi siffar tsaunukan da ke bayan mutanen, suka gano wurin kusa da Zelevet ne a Arewa Mai Nisa, suka bi inuwar rana suka gano a 2015 abin ya faru. A Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne. A duk waɗannan, hoton shaida ne, kuma shaida ba ta aiki sai da mai bincike da alƙali da mutanen da suka ƙi barin maganar ta mutu.

Inda babu waɗannan, hoton na wanda ya riga rubuta magana a ƙarƙashinsa ne. Tun farkon sana'ar ma ba a rasa hannun mai shiri a ciki ba. Roger Fenton, wanda ya je yaƙin Kirimiya a 1855, ya bar hotuna biyu na kwari ɗaya: a ɗaya harsasan igwa suna cikin rami a gefen hanya, a ɗayan an warwatsa su a kan hanyar, kuma na biyun ne ya yi suna. Alexander Gardner a Gettysburg, wani fagen yaƙin basasar Amurka, a 1863 ya sa an ja gawar wani soja zuwa bayan duwatsu, aka jingina bindiga kusa da shi, don hoton ya fi kama rai. Wato mai ɗaukar hoto ma yakan shirya dandamalinsa, sai dai shi ba ya gaya wa 'yan kallo cewa wasa ne.

Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, yana cikin yaƙe-yaƙen farko da Turawa suka kalli yunwar Afirka a shafin mujalla da allon talabijin. A Yulin 1968 Life ta sa yaran Biyafara a bangonta. Don McCullin ya ɗauki hoton wani yaro zabiya, ƙashi da fata, riƙe da gwangwanin nama wanda ba komai a ciki. Yunwar gaskiya ce, yaran sun mutu da gaske, duk wanda ya ce farfaganda ce kawai bai yi adalci ba. Amma kuma gaskiya ne gwamnatin Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress a Geneva, yana kai 'yan jarida yana rarraba hotuna, domin ta gane cewa abin da ta kasa samu da bindiga tana iya nemansa da tausayin duniya. Daga wannan tausayi aka sami jiragen agaji, daga cikin likitocin Faransa da suka je can aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar agajin likitoci ta MSF a 1971. Akwai kuma masana da ke ganin agajin da hotunan suka jawo ya tsawaita yaƙin. A gefe guda ga Asaba, inda sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza a Oktoban 1967. Duniya ba ta ga hotonsa a bangon mujalla ba, don haka shekaru da dama maganar tana bakin iyalan mamatan kaɗai. Kyamara ba ta zuwa ko'ina, inda ta je kuma wani ne ya kai ta.

Mafi munin abin shi ne hoton da aka ɗauko daga wani wuri aka liƙa wa wani. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Gashish a Barikin Ladi ta jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tada hankali a Facebook ana cewa ga abin da ake yi wa mutanenmu. Binciken BBC ya nuna ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton jariri kuma ya daɗe yana yawo kafin rikicin. An kashe mutane da gaske a Gashish, amma hotunan aro sun ƙara wa wutar fetur, matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota.

Masu wasan kwaikwayo na Jamus sun hango wannan matsala da wuri. Tun 1925 Erwin Piscator ya fara haska ainihin hotunan majigi na Yaƙin Duniya na Ɗaya a bayan 'yan wasansa a Berlin, 'yan siyasa suna jawabi a gaba, gawarwaki suna wucewa a baya. Brecht kuwa, a shekarun da ya yi yana gudun hijira daga Denmak zuwa Suwidin zuwa Finlan zuwa Amurka, almakashi ya riƙe. Yana yanko hotunan yaƙi daga jaridu, yana liƙawa a takarda, yana rubuta baiti mai layi huɗu a ƙarƙashin kowanne. Aka buga 69 daga cikinsu a 1955 da sunan Kriegsfibel, littafin koyon karatun yaƙi. Jarida ta ce ga jarumin soja, baitin ya tambayi wa ya aiko shi. Jarida ta nuna ma'aikata suna ɗaga ƙarfe, baitin ya ce ƙarfen na tankar yaƙi ne, kuma ma'aikatan suna ƙera ta ne don su sami abin rayuwa. A gabatarwar littafin an ce karanta hoto ilimi ne da sai an koya, wanda bai koya ba kuwa a sauƙaƙe ake yaudararsa.

Wadda ta fi burge ni a wannan fanni ita ce Joan Littlewood, da wasanta Oh What a Lovely War da aka fara a gabashin Landan a 1963. Ta ƙi sa wa 'yan wasanta kakin soja. Fararen kayan 'yan barkwanci ta sa musu, suna rawa, suna rera waƙoƙin da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka rera, 'yan kallo suna dariya suna tafi. A bayansu kuma ana haska ainihin hotunan ramukan yaƙi, sojoji cikin laka, waɗanda iskar guba ta makantar. Sama da kansu akwai wani allon lantarki da rubutu ke gudu a kai, yana ba da lissafi: wuri kaza, an rasa mutum kaza, ƙasar da aka ci taku kaza, wani lokaci ba ko taku ɗaya. A ranar farko ta gumurzun Somme kaɗai, 1 ga Yulin 1916, Birtaniya ta rasa kusan mutum 60,000 tsakanin matattu da masu rauni. Mutum yana cikin tafi sai idonsa ya faɗa kan lambar, tafin ya mutu a hannunsa. Akwai kuma wata fitowa da masu ƙera makamai na Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, tare da wani ma'aikacin banki ɗan Suwizalan, suka fita harbin tsuntsaye suna hira, babban tsoronsu kada a yi sulhu kasuwa ta faɗi. Wannan fitowar ba mai ɗaukar hoton da zai iya kawo ta, domin ba a gayyatar kyamara irin wannan zama. Dandamali ne kaɗai ya iya ajiye mai cin riba da gawa a ɗaki ɗaya, a gaban ido ɗaya.

Peter Brook ya bi wata hanyar a 1966, a wasansa kan Biyetnam mai suna US. Hoton da ya dame shi na limamin addinin Buda ne, Thich Quang Duc, wanda ya cinna wa kansa wuta a Saigon a 1963, Malcolm Browne ya ɗauka. 'Yan Landan sun ga hoton sun wuce. A ƙarshen wasan wani ɗan wasa ya buɗe akwati ya saki fararen malam-buɗe-littafi, sannan ya kamo ɗaya ya ƙyasta wuta ya ƙone shi. Na takarda ne, amma 'yan kallo ba su sani ba, ran wasu ya ɓaci ƙwarai. Su da suka kalli mutum yana ci da wuta a jarida suna shan shayi, ga shi ƙwaro ya hana su sukuni, don kawai a gabansu aka yi.

Sai dai ba duk wasan da ya fito daga hoto ne ya yi wa hoton adalci ba. Miss Saigon, wanda aka buɗe a Landan a 1989 ya yi shekara 10 ana nuna shi, shi ma daga hoto ya samo asali. Mai kiɗan, Claude-Michel Schönberg, ya ga hoton wata uwa 'yar Biyetnam a filin jirgin sama tana sallamar 'yarta, za a kai ta wurin ubanta tsohon sojan Amurka, ba lalle su sake ganin juna ba. Me aka yi da wannan baƙin ciki? Aka ɗora shi a kan tsohon labarin macen Asiya da ke kashe kanta saboda Bature, aka sauko da jirgi mai saukar ungulu a kan dandamali, aka sayar da tikiti. Mutane sun yi kuka sun koma gida ba tare da an tambaye su me ya kai Amurka can ba. 'Yan asalin Asiya a Amurka sun yi ta zanga-zanga a kansa, ina ganin kuma da gaskiyarsu. Ko shi Brecht bai tsira ba: da aka fara nuna wasansa Mutter Courage a Zurich a 1941, masu sharhi sun ɗauki 'yar kasuwar nan a matsayin uwa abar tausayi kawai, abin ya ɓata masa rai har ya gyara wasu wurare don ya ƙara fito da kwaɗayinta. Kuma wasan kwaikwayo ma bai tsayar da yaƙi ko ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne ya riƙe mutum awa biyu ko uku a kan abin da jarida ke ba shi daƙiƙa uku, tare da wasu mutane, inda ba damar buɗe shafi na gaba.

Yanzu kyamarar ta bar hannun ƙwararru ta koma aljihun kowa. Rabih Mroué, ɗan wasan Labanon, ya yi wani shiri a 2012 a kan bidiyoyin da 'yan Siriya ke ɗauka da waya a farkon boren ƙasar. Yana zaune a tebur, allo a bayansa, yana tsayar da bidiyon yana tafiya da shi a hankali. Wani yana ɗaukar unguwarsu daga bene, wayar tana yawo tana neman inda harbi ke fitowa. Sai ta faɗa kan mai bindiga a bakin wani gini. Mai bindigar ya ɗago ya saita. Wayar ta faɗi, allon ya koma kallon rufi. Mroué ya tambayi 'yan kallo me ya hana mutumin nan gudu, ga shi ya ga an saita shi. Amsar da ya kawo ita ce, wanda ke kallo ta allon waya yakan ji kamar fim yake kallo, kamar shi ba ya cikin wurin.

Wannan cuta mun san ta. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na 'yan uwa ko na tsofaffin 'yan makaranta ya san yadda abin yake in an kai hari a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina ko Borno, ko Tillaberi da Diffa. Kafin a yi wa mamatan wanka hotunansu sun iso, an jera su a ƙasa, wasu tufafinsu a yage, wani ya matso da waya dab da fuska. A ƙasa an rubuta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a tura wa duniya ta gani. Ba sunan ƙauyen sau da yawa, ba rana, ba wanda ya ɗauka. Mutum ya yi salati, ya tura gaba, ya ji ya sauke nauyi. Mu da aka koya mana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, mu da ke gaggawar suturta gawa, yau mu ne ke yaye mata zane don neman tausayin baƙi. Kuma wane tausayin ya rage? Hoto na farko ya hana ka cin abinci, na ɗari kana kallonsa da loma a baki.

Masu turawa suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sukan ce in ba a nuna ba hukuma za ta musa, ta ce mutum biyar ne alhali hamsin ne. Hakan na faruwa. To, shaida ana adana ta ne da sunan wuri da rana da sunayen mamata, a miƙa ga 'yan jarida da lauyoyi da masu kare haƙƙin jama'a, kamar yadda aka yi da bidiyon Zelevet. Kuma ba sai an tozarta mamaci hoto ke yin tasiri ba. Hoton da ya ci babbar kyautar World Press Photo ta 2024, wanda Mohammed Salem na Reuters ya ɗauka a asibitin Nasser da ke Khan Yunis a Gaza, wata mata ce durƙushe ta rungume gawar yarinya 'yar shekara 5 a cikin likkafani. Ba a ganin fuskar matar, ba a ganin ta yarinyar, ba ɗigon jini. Fati Abubakar ta Maiduguri kuma ta zaɓi ta riƙa ɗaukar rayayyun Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, don ta ga duniya ta mayar da jiharta maƙabarta kawai.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne dandamalin. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da tashe, muna da wasan gauta da ake kwaikwayon masu mulki a gabansu. Wole Soyinka, bayan fitowarsa daga kurkukun lokacin yaƙin basasa, ya buɗe wasansa Madmen and Specialists da mabarata waɗanda yaƙi ya nakasa. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su mayar da ita wasa da Hausa a dandalin gari, a tsaya a tsakiya a tambayi jama'a me ya kamata wane ya yi. Ba lantarki, ba labule.

Irin wannan nake so in gani a kan hotunan da ke cikin wayoyinmu. A ɗauki hoto ɗaya, kada a nuna shi, a yi wasan abin da ya kewaye shi. Wanda ya kai rahoton cewa ana taruwa a daji aka ce ya koma za a duba. Wanda ke kai man fetur da burodi dajin, da bashin da ya kai shi ga haka. Dillalin kuɗin fansa da kasonsa. Yaron da ya ɗaga waya maimakon ya ɗauko zane ya rufe. Matar da ta ga mijinta a wayar maƙwabciya kafin a zo yi mata gaisuwa. Sannan a tsaya a tambayi 'yan kallo a wane wuri ne da an iya tare abin. Ina kyautata zaton ranar da aka fara irin wannan wasa a filin wata ƙaramar hukuma, a ranar za a ga jami'i ya zo yana tambayar takardar izini, takardar da ba a taɓa tambayar mai tura hoton gawa ba.